Shekarar da Na Aske Kan Yayarku

Da Sallar da ta wuce ina kwance a ɗaki na ji Habu a tsakar gida yana ba 'ya'yansa labarin askin Yayarku. Ya iya labari, ba a nan gizo ke saƙa ba, don har muryata ya kwaikwaya. Ya ce ni, mai kitson da duk layinmu ya sani, na zaunar da 'yata na kwashe mata gashi tas ko gezau ban yi ba. Ya ce mahaifinku, Allah ya jiƙansa, shi ya ba da umarni, don shi in ya ce a yi to an gama. Yara suka yi ta dariya, ni ma na yi, saboda lokacin da abin ya faru shi mai ba da labarin yana goye a bayana, majina har baki. Amma da gida ya watse sai maganar ta tsaya mini a rai. Mahaifinku ba ya nan balle ya wanke kansa, Yayarku kuwa ko za a shekara ana faɗa ba za ta tanka ba. Saura ni. Shi ya sa na ɗauki alƙalami da 'yar bokon da na koya a yaƙi da jahilci, in rubuta muku yadda aka yi a shekarar da muka zo Ankara, babban birnin Gana.

Kun san mahaifinku ya daɗe yana bin motar albasa daga ƙasarmu zuwa kasuwar Agbogbloshie, ya zo ya koma, mu muna zaune a Maraɗi. Sai ubangidansa ya ce ya gaji da mutumin da rabinsa ke hanya, ya zauna ya riƙe masa rumfa. Haka muka tattara, ni da Yayarku da Sani da Habu a goye, muka bi hanyar da albasa ke bi har muka sauka a unguwar Nima, a gidan wata tsohuwa da ake kira Mma Adiza. Ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida mai siminti, famfo ɗaya, igiyar shanya ta kowa da kowa. Akwai 'yan ƙabilar Mosi, akwai Dagomba, akwai Kotokoli, kuma dukkansu da Hausa suke faɗa da juna, irin Hausar nan da ta mai da mace namiji. Ranar farko da Mma Adiza ta nuna ni ta ce, “Matan Malam ya zo,” sai da na waiwaya in ga ko wani ƙato ne ya biyo ni. Ita a Nima aka haife ta, kakanta soja ne, mijinta ɗan sanda ne da ya riga mu gidan gaskiya. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma ba ranar da ba ta gyara mini magana. Ta laƙaba mini Amariya, ni da 'ya'ya uku, sunan kuwa ya bi ni har na yi furfura. Ban daɗe ba na ajiye 'yar kujerata a bakin ɗaki na fara kitso, matan layi suka ga shuku da kalaba irin na gida, suka fara zuwa.

Kafin in ci gaba sai na faɗi wani abu da ku da kuka tashi a nan kuke ɗauka wasa. Yayarku 'yar fari ce. Matan yanzu suna kiran 'yar fari da sunanta, har su rungume ta a gaban surukai, ba na kuma zarginsu. Mu ba haka muka tashi ba. Ba na kiran sunanta, ba na yabonta, ba na zuba mata ido in tana cin abinci. In ta faɗi ta fasa gwiwa wata ce za ta ɗaga ta, ni kuwa in kau da kai. In ina nemanta sai in ce “ke,” ko “ina yarinyar nan.” Da aka yaye ta kakarku Hajiya, mahaifiyar mahaifinku, ta ɗauke ta ta riƙe shekaru, ina ji ina gani ban isa in ce uffan ba. Ba ta dawo hannuna ba sai da ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, shi ma don gidanmu ya fi kusa da makarantar ne.

Abu ɗaya al'ada ta bar mini, shi ne kitso. Ba mai cewa uwa ta yi rashin kunya don ta yi wa 'yarta kitso, ai aiki ne. To ranar Juma'a bayan la'asar ba na taɓa kan kowa sai nata. Za ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafuna, ta jingina kai a cinyata, ni kuma in ɗauki mataji da man kaɗe. Da yake ta ba ni baya, ba ma haɗa ido, sai bakinta ya buɗe: abin da mushe, malaminsu, ya ce a aji, wadda ta ci ta ɗaya, wadda ta sace mata alli. Ni ba na cewa komai sai “uhum,” ina jan aikin da zan iya gamawa kafin tukunya ta tafasa har ya kai kiran magariba. Na san kan yarinyar nan fiye da yadda na san fuskarta. Na san tabon da ke bayan kunnenta na hagu, na san inda gashin ke juyawa a tsakiyar kai. Gashi ne mai cika da tsawo, irin na mahaifiyata, kuma duk abin da ban iya faɗa mata da baki ba a can nake ajiye shi.

Maganar makarantar Sani ba ta ba mu wahala ba, ƙarami ne, aka kai shi ta wani malami a layinmu, inda ake haɗa Arabiyya da ɗan Turanci. Matsalar Yayarku ce. Ta yi nisa a lakwal, kanta cike da Faransanci, ga shi mun kawo ta ƙasar da Faransanci ba ya sayen ko barkono. Akwai makarantar Faransanci can unguwar masu hali. Mahaifinku ya je ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli irin motocin da ke sauke yara, ya juyo bai shiga ba. Muka gwada ta a makarantar malamin nan, na ji daɗi don 'yan matan duk da lulluɓinsu, ga ta kusa da gida. Amma bokonsu bai wuce 'yan ajujuwan farko ba. Bayan 'yan kwanaki malamin da kansa ya aiko cewa mu ji tsoron Allah mu nema mata wani wuri, a lissafi ita ke gyara wa mai koyarwa. Sai ta koma zaman gida, tana miƙo mini zare ina kitso, tana bin 'yan makaranta da kallo in sun wuce da safe.

A kan hanyar Maamobi, inda nake zuwa sayen man kitso, akwai wata babbar makaranta mai katanga. Ranar da na fara leƙawa ta ƙofar na ga 'yan mata cike da fili, da riguna iri ɗaya, kawunansu duka a aske kamar na maza. A garinmu ba a sa wa 'ya mace aska sai ranar suna, ko in makero ya ci kanta, ko ta yi ciwon da aka fid da rai. Na tsaya na yi lissafina ni kaɗai, na ce wannan gidan marayu ne, ba su da uwar da za ta yi musu kitso, shi ya sa aka huta aka aske su. Har ƙwalla na yi. Ranar Juma'a da safe na soya masa faranti guda, na ɗauka a kai, na je bakin ƙofar ina kiran yara su zo su karɓi sadaka. Suka kuwa zo suka wawashe. Wata malama ta fito tana yi mini Turanci, ni kuma ina ce mata Allah ya ba su ladan riƙon marayu, ba wadda ta fahimci wata. Da na dawo na ba Mma Adiza labari, ta ajiye muciya ta zauna a ƙasa tana dariya har da riƙe ciki.

“Amariya, za ki kashe ni. Wane marayu? Wannan sukuu ne na gomnati. Wani ubansa soja, wani ubansa yana da shago a Adabraka. Nan Gana yarinya duka da ke sukuu na gomnati sakora ne, kai a aske tas, sai ya gama kafin ya bar gashi.”

Na ce, “Mma, da iyayensu a raye? Suna gani?”

“Su ke kai su wajen mai aski ma. Yarana mata duka can suka yi, ɗaya yana asibiti yanzu yana ba mutane allura. Shi ne sukuu da za ki sa yarinyanki, in kina son ya yi gaba.”

Na ce Allah ya kiyaye. Amma ba a yi nisa ba sai ga ni ina bin Mma Adiza a baya zuwa makarantar, Yayarku a tsakaninmu, don na ce a raina wataƙila in an ga yarinyar a yi mana sassauci. Na yi mata kitso ƙanana masu kwanciya, na ɗaura mata ɗankwali. Shugabar makarantar wata doguwar mata ce mai gilashi, kowa Madam yake ce mata. Mma Adiza ce tafinta, tana juya magana daga Turanci da Tuwi zuwa Hausarta, ni kuma in juya Hausarta zuwa tawa. Tambayar farko da Madam ta yi mini ita ce sunan yarinyar. Na sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, na dubi bango. Sai na ga ta cire gilashi ta yi wata doguwar magana, fuskarta ba wasa.

Mma Adiza ta ce, “Yana tambaya ko ke kin haife shi, ko kin ɗauko shi daga arewa ya yi miki aiki. Ya ce wane irin uwa ne bai san sunan ɗansa ba.”

Ban taɓa jin kunya da haushi sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Sunan da ni na zaɓa a zuciyata tun tana ciki, yau ga wata tana tuhumata da rashin saninsa. Mma Adiza ce ta faɗi sunan, ta yi wa Madam bayanin al'adarmu da hannu da ka, ban san me ta ƙara ba, na dai ga Madam ta mai da gilashinta tana girgiza kai. Ta miƙa wa Yayarku alli, ta rubuta mata lissafi a allo. Yarinyar ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, amma lamba ba ta da yare, ta yi shi ta gama ta ajiye alli. Madam ta ƙara mai wuya, shi ma ta yi. Daga nan ta ce za ta karɓe ta, amma sai an mai da ita ajin baya saboda Turanci, kuma sai an cire gashin. Ta sa hannu ta zame ɗankwalin, ta tsaya tana shafa kitson, ta tambayi wanda ya yi.

Na ce wa Mma Adiza, “Gaya mata ni na yi. Gaya mata zan iya yin wanda ya fi wannan kwanciya, wanda in ba an taɓa ba ba za a san da gashi a kan ba.”

Madam ta yi murmushi ta ba da amsa. Mma Adiza ta ce, “Ya ce hannunki yana da kyau, zai zo ki yi masa. Amma doka ne. Shi ma an aske shi, ya yi kuka, bai mutu ba.”

Muka dawo gida. Ban san cewa labarin zaman yarinyar a gida ya riga ya bi motar albasa ya kai Maraɗi ba. Ranar Lahadi da hantsi mahaifinku yana shan koko a bakin ɗaki, warin albasa bai bar rigarsa ba, sai ya ce in zauna.

“Saƙon Hajiya ya zo ta bakin direba. Ta ce tunda ba mu samu lakwal ba a mayar mata da 'yarta. In an gama sauke kaya motar za ta juya. Can ba za ta rasa aji ba, Faransancinta ba zai lalace ba, ba kuma wanda zai taɓa mata kai. Ni ban ga aibin maganar ba. Ke me kika gani?”

Ku lura da kyau, don nan ne Habu ya ɓata labari. Mahaifinku bai ce a aske ta ba. Shi ne ma ya fi kowa ƙin askin, ya ce bai ga yadda zai kalli 'yarsa da kai kamar na yaron shago ba. Kuma maganar Hajiya ba ta mugunta ba ce, duk wanda ya auna zai ce ita ce hanya mafi sauƙi. Amsar da ta dace da ni kowa ya san ta, in ce ai 'yarta ce, a kai mata. Uwa ba ta buɗe baki ta ce tana son 'yar fari a kusa da ita. In na faɗa, har jikokina sai an yi musu gori. Na ce, “Sai yadda kuka gani, Malam,” na tashi na shiga ɗaki. Amma na san tsawon hanyar nan, na zauna a kanta har ƙafafuna suka kumbura. Na san in yarinyar nan ta hau motar, ba zan sake ganinta ba sai in an kira ni biki. Ga shi in ta zauna, abu ɗaya da ke haɗa hannuna da jikinta shi za a cire. Kwanakin nan na yi su ne kamar mai zazzaɓi, ina yi wa mata kitso ina karkata tsaga, har wata ta ce ko idona ya fara ciwo.

Juma'a ta zo, mahaifinku ya ce in yi mata kitson tafiya. Ta zauna inda ta saba, na fara tsefewa. Ranar ba ta ba ni labarin kowa ba. Na yi rabin kai kafin ta yi magana, da murya ƙasa-ƙasa, fuskarta na kallon famfo.

“Inna, Kaka tana jan gashi da zafi in tana kitso.”

Na ce, “Uhum.”

“Kuma ba ta san wurin tabon nan ba, kullum sai ta sa mataji a kai.”

Na ce, “Ke, in kin zauna a nan ma ai babu kitson. Aske shi za a yi.”

Ta ce, “Na sani.”

Iyakar maganar da muka yi ke nan. Ita ma 'yar fari ce, ta san abin da ba a faɗa. Na gama kitson, mafi kyau da na taɓa yi mata, na wanke hannu. Da mahaifinku ya dawo daga masallaci na tare shi tun bai cire takalmi ba, don in na bari ya zauna zuciyata za ta karye.

“Malam, a aske ta. Ta shiga ta gwamnatin.”

“Ke? Ke da gashi ne abincinki?”

“Ai shi ya sa na san shi. Fitowa yake yi. An kawo yara ƙasar mutane kuma a raba su, wannan Faransanci, wancan Turanci, gobe ba mai jin wani? Ga goyo, ga kitso, aikin gida ya yi mini yawa, ina bukatar mai miƙo mini abu.”

Na faɗe shi da ɗaurarriyar fuska, kamar mai cinikin buhu. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da bai saba yi mini da rana ba. Ya san aikin gida bai taɓa fin ƙarfina ba. Ya san ƙarya nake, ya kuma san abin da ke ƙarƙashin ƙaryar, amma bai tona ni ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Ya ce, “To. Amma Hajiya ba za ta ji daga bakinki ba. Ni na yanke, haka direba zai gaya mata.”

Daga nan ne labarin da kuka gada ya samo tushe. Ya ɗauki laifin ya ɗora a kansa don kada a ce surukar Hajiya ta hana ta jika. Ya kuwa biya. Hajiya ta shiga gaya wa dangi cewa ɗanta ya je kurmi ya mai da jikarta namiji. Atamfar da ya aika mata da Sallah a cikin motar da ta kai ta ta dawo, ko warware ta ba a yi ba. Sai da aka yi shekaru kafin ta sake sa masa albarka da bakinta. Mutum ne mai son uwarsa, na sha ganinsa ya zauna da abinci a gaba ya kasa ci in direba ya zo ba gaisuwa. Duk da haka ko sau ɗaya bai ce wa kowa ba shi ba ne.

Washegari da safe Mma Adiza ta ce a kai ta wajen mai aski a bakin titi. Na ce ba namijin da zai sa hannu a kan nan. Na aro almakashi wajen telan da ke ɗakin kusa da namu, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kwance kitson da ko kwana biyu bai yi ba. Matan gida duk sun fito, mai wanki ta bar wanki, mai tuwo ta bar tuwo, suna so su ga yadda mai kitso za ta yi. To ku gaya mini, a gaban idanun nan wace fuska zan sa? Abin da Habu ya kira ko gezau, shi ne wannan. Na ce mata, “Ke, tsaya daidai,” na kama tsagar farko na yanke. Ina faɗa muku yau, tun da na zo duniya, in ka cire ranar da mahaifiyata ta rasu da ranar da mahaifinku ya tafi, ban yi baƙin ciki irin na safiyar nan ba. Na bi kan a hankali, na kauce wa tabon, na daidaita shi yadda ko mai askin ba zai iya ba. Ita kuma ba ta yi kuka ba. Da na gama ta shafa kan, ta tashi ta shiga ɗaki.

Na tattara gashin a tsumma na tsaya riƙe da shi, don a gida bayan ɗaki muke binnewa, nan kuwa ko'ina siminti ne. Mma Adiza ta kama hannuna ta ja ni bayan durom ɗin ruwa, inda simintin ya fashe ƙasa ta fito. Ta durƙusa da ƙyar ta tona da cokali.

“Sa nan, Amariya. Nan na sa na Fati, nan na sa na Ayisha. Ki yi kukanki, durom ya rufe ki, ba wanda yana gani.”

Na yi kuwa. Tun ranar ban ƙara yi wa Hausarta dariya ba sai a gabanta.

Makarantar ba ta zo wa Yayarku da sauƙi ba. An zaunar da ita cikin yaran da ta girma, ta yi watanni kamar kurma, in ta buɗe baki a yi dariyar yadda take lanƙwasa harshe. Faransancin da ta sha wahala a kai ya zube kaɗan-kaɗan, yau ko gaisuwa sai ta yi tunani. Ni ma na sha nawa. Mata suna zaune a gabana ina yi musu kitso suna tsokanata cewa mai gyaran kan duniya ta kasa barin gashi a kan 'yarta. Dangi a Maraɗi suka ce dama ni mai busasshiyar zuciya ce, miji ya ce a aske ban ko roƙe shi ba. Na bar su a haka, don gara a ce ba ni da tausayi da a ce ba ni da kunya. Madam kuwa ta cika alkawari, ta zama mai zuwa kitso, har muka saba da magana da hannu.

Abin da na fi tsoro shi ne Juma'ar farko. Bayan la'asar na zauna a kan kujerata don sabo, hannuwana a cinya ba abin yi. Na ce a raina shi ke nan, na tsare ta a gida ɗaya da ni amma na rufe ƙofar da nake shiga wurinta. Ina nan zaune sai ga ta ta fito daga ɗaki, da mataji a hannu ɗaya, gwangwanin man kaɗe a ɗayan. Ta tsaya a gabana tana kallon ƙasa.

“Inna, kaina yana ƙaiƙayi.”

Na ce, “Kan da ba komai a kai, me zai yi ƙaiƙayi? Zo nan, kai kamar ƙwarya.”

Ta shimfiɗa tabarma, ta zauna tsakanin ƙafafuna, ta ba ni baya. Na lakaci mai na fara shafawa, ina bin tsagogin da babu su da bakin mataji. Can sai ta fara gaya mini yadda ake cewa ruwa da Turanci, da sunan yarinyar da ta raba biredi da ita. Muka kai magariba. Mma Adiza ta wuce da buta, ta dube mu, ta yi gaba abinta. Tun daga ranar, duk shekarun da ta yi a makaranta da kai a aske, ba Juma'ar da kan nan bai yi ƙaiƙayi ba.

To kun ji. Ku daina cewa mahaifinku ne, ku yi masa addu'a, ya ɗauki abin da ba nasa ba. In kuna so ku ci gaba da cewa ban yi gezau ba, ku ci gaba, amma yanzu kun san abin da aka yi a bayan durom. Yayarku ta gama karatu, gashinta ya dawo har ya fi na da, yau ita ke duba masu haihuwa a asibiti, tana da 'yarta ta fari da take kira da suna a gaban kowa. Ni kuma yatsuna sun ƙage, ko tsaga ɗaya ba na iya ja, shago take zuwa a yi mata kitso. Juma'ar da ta wuce bayan la'asar ta shigo da kayan aiki a jikinta, ta gaishe ni, ta zame ɗankwali, na ga furfura ta fara fito mata daidai wurin tabon. Ta janyo tabarma ta zauna a ƙasa, mace mai 'ya'ya huɗu, ta ba ni baya.

Ta ce, “Inna, kaina yana ƙaiƙayi.”

Na ce ta miƙo mini man kaɗe.